Tarin da Ƙanƙara Ta Ƙi Zama a Kansa

A ƙauyenmu na Sorgul, can saman ƙasar Kars ta Turkiyya, ba a tambayar mutum shanunsa nawa. Ɗaga kai ake yi a dubi tarin ciyawar da ke ƙofar gidansa. Wata shida cur saniya ba ta ganin ƙasa saboda ƙanƙara, tana ɗaure a ɗaki tana ci tana kashi, kuma ba abin da zai shiga bakinta sai wanda aka yanka, aka shanya, aka tara tun watan Yuli. Wanda tarinsa ya kai shi Mayu shi ne mutum. Wanda nasa ya ƙare a Maris sai ya fara wasa wuƙa.

Besna 'yar Hamo ta san wannan tun ba ta iya ɗaurin kallabi ba. Ubanta bai samu ɗa namiji da wuri ba, don haka ita yake jefawa saman tari tana tattakawa, maza na miƙo mata ciyawa da sanda mai yatsu. Tana shekara goma sha biyu ta riga ta iya abin da wasu ƙarti ke mutuwa ba su iya ba. Za ta damƙi ciyawa ta murɗe a gindin kunnenta. In ta yi ƙaras-ƙaras, ta bushe. In ta yi shiru kamar tsumma, ko ta ji sanyinta a kumatu, a mayar da ita rana. Hamo bai taɓa yanka saniya don yunwa ba har ya koma ga Allah. Kuskure ɗaya ya yi a rayuwarsa, ranar da ya bi ta ƙofar gidan su Shemdin ya ga tari uku reras, kowanne da ƙugu da kafaɗa kamar an zana, ya ce lallai mutanen gidan nan sun san abin da suke yi. Besna ma ta je ta gani da idonta, ta ce ta yarda ta auri Shemdin. Sai bayan biki ta gane ashe tsohuwar gidan ce ke ɗora tarin, uwar Shemdin, wata 'yar firit mai haƙori biyu. Mazan gidan yanka kawai suka iya, sai gyaran gashin baki.

Kada a ci haƙƙinsa, Shemdin ya iya lauje. In ya shiga fadama da dogon laujen nan nasa, maza uku ba sa kamo shi. Amma kan da ke bisa kafaɗun nan, sai dai a ce Allah ya sawwaƙe. Ba abin da yake so a duniya kamar a kira shi Aga, laƙabin manyan masu ƙasa da barori, shi da ko bara ɗaya bai taɓa ajiyewa ba. Ga shi kuwa a wurinmu duk wanda ya riga kowa rufe kan tarinsa yakan kafa sanda a ƙololuwa, ya ɗaura jan ƙyalle, ya yanka dinya biyu, ranar kowa Aga yake ce masa har da limami. Shekara talatin Besna na hana shi ƙyallen nan, don ita ba ta ɗora ciyawa sai ta bushe, ko da ƙauyen gaba ɗaya sun gama sun wanke hannu. Shekara talatin Shemdin na cin dinyar mutane yana haɗiye ta da baƙin ciki, yawanci ma dinyar Temo, maƙwabcinsu na tsallaken hanya. A cikin shekarun nan ta binne surukarta, ta aurar da 'yarta Zozan can Erzurum, 'ya'yanta maza biyu suka tafi Istanbul ɗaukar siminti, ba ta taɓa kai saniya Mayu da haƙarƙari a waje ba. Ko sau ɗaya bai ce mata sannu ba. Abin da yake cewa shi ne ta mai da shi na ƙarshe a gari.

Shekarar da aka ja wa ƙauyen wutar lantarki, Zozan ta tashi haihuwa ana tsakiyar yankan ciyawa, aka aiko cewa abin ya zo da gardama. Besna ta ɗaura ƙullinta. Ciyawar tudu an riga an tara ta a saman rufin ɗakin shanu, ƙaramin tari ke nan. Ta fadama kuwa, wadda ita ce kashi biyu cikin uku na abincin shanunsu tara, tana shimfiɗe a ƙasa.

Ta ce, "Baban Zozan, ta fadamar nan rana uku take nema. In ruwa ya taɓa ta, a ƙara uku. Ka ji ni ko?"

Ya ce, "Ke 'yar Hamo, tun kina yawo ba takalmi nake yanka ciyawa. Tafi ki ga 'yarki."

Ta ce, "Yanka na sani. Tarawa nake maka magana."

Kwana goma sha ɗaya ta yi. Haihuwa ta zo lafiya. Motar da ta dawo da ita tana shan kwanar gada ta hango jan ƙyalle yana kaɗawa a ƙofar gidanta, kan wani tari dogo, ya ɗara na Temo da kamu huɗu. Dama direban ya faɗa mata a hanya cewa an yi ruwa kwana biyu a jere bayan tafiyarta.

Ko gida ba ta shiga ba. Ta ajiye ƙulli, ta naɗe hannun riga, ta cusa hannu cikin tarin har kafaɗa. Ɗumi ta ji, irin ɗumin hammatar mai zazzaɓi. Ta zaro damƙi guda ta murɗe. Shiru.

Shemdin ya fito yana sakace, wai har yanzu da sauran naman dinya a haƙorinsa. Ya ce, "Ba ki ce Aga ya kwana lafiya ba?"

Ta ce, "Kira mutane a sauke shi yau ɗin nan. In aka baza shi rana biyu za a ceci rabi."

"A sauke? Tarin da aka ɗaura wa ƙyalle? Tun da aka kafa Sorgul kin taɓa jin an yi?"

"Ban taɓa jin an ɗaura wa jiƙaƙƙen tsumma ƙyalle ba ma."

"Na zuba masa gishiri buhu guda. Zufa yake yi, zai bushe da kansa."

"Kai ma shekara talatin kana zufa, ka bushe?"

Ya rantse da saki in ta taɓa ko tsinke. Ta ƙyale tarin, ba don tsoron sakin ba, don dai mace ɗaya ba ta sauke tari irin wannan ita kaɗai, kuma babu namijin da zai ɗaga sanda kan tarin wani alhali mai shi na tsaye yana cewa a'a. Mazan da suka taya shi ɗorawa fa, duk sun ji danshin a hannunsu. Ba wanda ya buɗe baki. Dinya suke jira. Tir!

Da kaka ta yi, motar masu sayen shanu ta zo kamar kullum kafin ƙanƙara ta rufe hanya. A nan ne mai hankali yake duba baki nawa ke ɗakinsa, ya duba dami nawa ke tarinsa, ya rage bakin da ya yi yawa. Besna ta ce a fitar da huɗu. Ta sauko ta ce uku. Shemdin ya ce mai tari mafi tsawo a gari ya sayar da saniya, mutane su ce me? Motar ta loda na wasu ta tafi. Kwana tara bayan nan ƙanƙara ta sauko, aka shigar da shanu.

Kowane tari a Sorgul ya sa farar hula. Na Shemdin kaɗai ya tsaya kai a buɗe. Ƙanƙara na sauka a kansa tana narkewa, da safe in sanyi ya tsananta har wani tururi yake fitarwa kamar tukunya. Hankaki suka mai da shi wurin shan ɗumi. A ɗakin shayi Temo ya ce, "Aga, me kake dafawa ne a cikin tarin nan? In ya nuna a sammana." Shemdin ya ce ƙarfin ciyawar fadamarsa ne, irin tasu ta tudu ba ta da wannan ƙarfin. Wai har akwai wanda ya gyaɗa kai.

Besna kam ta riga ta cire babban tarin daga lissafinta. Ta hau rufi ta ƙirga damman ƙaramin, ta raba su da kwanaki. In ta ba shanu yadda suka saba, zai ƙare kafin kwana arba'in ɗin tsananin sanyi su fita. Sai ta rage. Safe rabin dami ga kowace biyu, yamma ƙaiƙayin sha'ir da ta yayyafa wa ruwan dusa don ya shiga. Abin da suka zubar ƙasa ta tsince shi daga cikin kashi, ta ɗauraye, ta shanya a bakin tanderu, ta mayar musu. Ɓawon dankali, ruwan wanke tukunya, busasshiyar gurasa, duk komin shanu suke tafiya. Ta ba masu ciki fiye da sauran, musamman Zere, jar saniyar da ita ke riƙe da tukunyar cukun gidan. In ta buɗe ƙofar ɗakin, kawuna tara ke juyowa, ba kuka, kallo kawai. Ƙwarƙwata ta kama su, gashi ya fara zubewa faci-faci. Shi kuwa maigidan in ya leƙo sai ya ce, "Kina kashe mini shanu da rowa, ga ciyawa can har sama."

Ta ce, "To buɗe."

Ya ce, "Babban tari ba a buɗe shi sai ƙarami ya ƙare. Haka muka gada."

Da dabara da ƙwauro ta ja ƙaramin har kwana huɗu cikin Maris. Ranar da ta share rufin da tsintsiya ta tara abin da bai cika zani ba, ta ce masa, "Gadonka ya iso."

Ya ɗauki zarton yankan tari, amma bai nufi gaban tarin ba inda kowa ke farawa. Ya zagaya baya, ɓangaren da ke kallon bangon gida, inda mai wucewa a hanya ba zai gani ba. Ashe shi ma ya sani. Tun Yuli ya sani.

Kamu biyu na waje lafiya lau, kore shar, iska ta busar da ita. Daga nan zarto ya fara shiga ba ƙara. Da ya janye yankin farko, wani wari ya bugo su, warin da ya haɗa ruɓaɓɓen kabeji da tsohon takalmi. Ciki baƙi ƙirin, ya manne ya zama kamar danƙararren kashin shanu, da farar funfuna shimfiɗe a tsakani kamar an barbaɗa gari. Inda bai bushe ba yana yauƙi a hannu. Ɓeraye suka yi ta tsalle suna fita ta tsakanin ƙafafunsu, ƙosassu, su kaɗai suka ci ribar shekarar. Besna ta juya ta amayar da shayin safe a kan ƙanƙara.

Da ta goge baki ta ce, "Ɓawon waje kaɗai ke da amfani. A bi shi a kewaye a feɗe, zai kai mu kwana goma sha biyar."

Ya ce, "Na baya dai. Na gaba ba mai taɓa shi."

"Me ka ce?"

"Fuskar hanya tana nan yadda take har a fita kiwo. Ba zan bari Temo ya buɗe taga ya ga cikin gidana ba."

Haka aka yi. Ɓawon baya da na gefe ya kai su kwana shida. Daga nan Shemdin ya shiga haƙa rami cikin ruɓar nan, yana fitowa fuska fari fat da ƙurar funfuna, ya ɗebo ta a kwando, ya yayyafa ruwan gishiri don ya yaudari bakin dabba. Besna ta zubar, ya sake ɗebowa in ta tafi rijiya. Shanun da yunwa ta ci ƙarfinsu suka shinshina, suka kau da kai, daga baya suka ci. Kwana uku majina ta fara zuba daga hancinsu, numfashi na fita da ƙyar, zawo ya ɓata bango har tsayin mutum. Ga ciyawa mai kyau tsaye a fuskar hanya, kore, tana kallon masu wucewa.

Ranar Talata da hantsi Zere ta yi ɓari. Saura mata wata ɗaya. Ɗan maraƙin ya fito da gashinsa da kofatonsa, mace ce ma, ja kamar uwarta. Besna na durƙushe a cikin ƙazantar tana ciro mahaifa, Shemdin ya tsaya a kanta ya ce, "Tura shi ƙarƙashin jujin kashi, kada karnuka su ja shi waje mutane su gani."

Ta dube shi dai, ta ga ashe gashin bakin nan an shafa masa mai da safen nan.

Washegari tsohuwar baƙar saniya ta kwanta ta kasa tashi. Kowa ya san abin da ake yi, a kira maza huɗu, biyu su zura sanda ta ƙarƙashin ciki, ɗaya ya kama wutsiya, ɗaya ƙaho, a ɗaga ta a tsayar. Saniyar da ta kwana biyu a kwance ba ta sake tashi. Amma kiran maza ɗaga saniya shi ne shelar cewa ciyawarka ta ƙare. Shemdin ya ce su biyu sun isa. Suka rataya igiya a gungumen rufi, yana ja tana turawa, saniya na nishi, igiya ta yanke mata fata, suka sake ta ta faɗi tim. Ranar Alhamis ya sa mata wuƙa. Naman shuɗi-shuɗi, ba kitse ko na shafa wa tukunya, ɓargon ƙashi ya zama ruwa. Kafin azahar wata karsana ma ta mutu a tsaye, ta jingina da bango, ba a ko samu yanka ta ba. Saura bakwai.

Ranar Juma'a Besna ta jira har ya sa farar hula ya tafi masallaci. Ta ɗauko doguwar ƙugiyar jan ciyawa, ta fita ƙofar gida, ta tsaya a fuskar hanya. Ba ɓoyewa ta yi ba, kuma ba jira ta yi a taru ba, yunwar shanu ce ba ta san lokacin salla ba. Ta kafa ƙugiya ta ja, ta tara, ta kai ɗaki, ta dawo. Tana kai na biyar maza suka fito daga masallaci. Tarin da aka riga aka rarake ta baya, da ta zare masa ƙugu sai ya yi wata ƙara, ya durƙusa, ya buɗe biyu. Sanda da jan ƙyalle suka faɗo cikin taɓo. Baƙin cikin nan ya bayyana a gaban kowa, warin ya bi hanya har ƙofar masallaci. Limami ya ja rawani ya rufe hanci.

Shemdin ya taho da gudu yana zamewa. "'Yar Hamo! Kin kashe ni! Kin tona mini asiri a gaban gari!"

Ta ce, "Matsa, ka taka mini ciyawa."

"Na rantse, ko kin manta na rantse?"

"Ga liman nan, ka tambaye shi hukuncinta. In ka sake ni ka bar mini ƙugiyar, ina da aiki."

Wani daga baya ya ce, "Aga, ashe abincin ya ƙone." Aka fashe da dariya. Besna ta juya ta kalli mai maganar, ta ce, "Kai Resho, ba kai ne ka miƙa masa ita a jiƙe ba? Dinyar ta narke a cikinka ko da saura?" Dariya ta tsaya.

Ɓawon gaban kwana tara ya yi mata. Har yanzu da sauran wata guda da rabi kafin ƙasa ta yi kore, kuma a ƙauyen kaf mutum ɗaya ke da tarin da bai buɗe ba. Ta tsallaka hanya da rana tsaka. Temo ya sa aka kawo mata shayi, ya yi ta jajantawa, Allah ya kyauta, Allah ya mayar da alheri, ai maƙwabci ɗan'uwa ne.

Ta ce, "Yaya Temo, shayinka ya yi daɗi. Rabin tarin can nake so. Faɗi."

Ya shafa gemu ya ce shi ba mai sayar da ciyawa ba ne, amma don ita, zai karɓi baki biyu ya rage mata nauyi. Karsana mai farin goshi, da Zere.

"Zere ta yi ɓari, ko madara babu."

"Na ji. Za ta sake ɗauka. Ni na san uwar da ta haife ta."

Ashe tun kaka yake zaune a tagarsa yana kallon tururin nan, yana zaɓar wadda zai ɗauka. Besna ta ajiye kofin da sauran shayi a ciki. Ta koma ta kwance Zere da hannunta, ta ja ta. Saniyar na tafe tana tangaɗi, sai da suka tsaya sau uku a hanyar da ba ta fi taku arba'in ba. Shemdin na ɗaki ya juya fuska bango, wai shi aka yi wa rashin mutunci.

Da rabin tarin Temo ta riƙe biyar ɗin da suka rage, dami-dami, tana auna kowanne da ido kamar magani. Sau biyu ta fita ta kira maza ɗaga saniya, da bakinta, ta tsaya a kansu har suka ɗaga. Ba wadda ta sake mutuwa.

Ranar takwas ga Mayu makiyayin gari ya busa ƙaho. Ta buɗe ɗakin, biyar ɗin suka fito suna ƙifta ido, ƙafafu na rawa, fata ta rataye a ƙashi kamar shanya. Daga tsallaken hanya Zere ta fito cikin shanun Temo, ta riga ta fara mayar da jiki, ta biyo tsoffin 'yan ɗakinsu, ɗan Temo ya kaɗa ta da sanda. Shemdin ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, yana gaya wa makiyayi da ƙarfi yadda kowa zai ji, cewa dama shi ya daɗe da ganin tara sun yi wa gida yawa, biyar masu kyau sun fi.

Besna ta tara yawu ta tofar a gefen takalminsa. Ta bi shanunta a baya har gada, hannunta a kan ƙugun wadda ta fi rauni, ba ta sake ta ba sai da ta ga ta sunkuyar da kai ta fizgi ɗanyar ciyawa.